Tsumman Goge Allo a Cikin Sassan Zuciya

'Yar'uwa mai wannan fili,

Ki taimake ni da shawara, ki kuma gaggauta, domin saura kwana tara in sa hannu a wata takarda ko in ƙi sawa. In na sa, na yi ƙarya a kan 'yar cikina. In na ƙi, mai yiwuwa yara goma sha uku su koma zaman gida. Ni ban saba neman shawara ba, bayarwa na saba, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba, saboda haka ki yi haƙuri in kika ji wasiƙar da kaushi. Sau uku na rubuta ta, wannan ce mai sanyin cikinsu.

Shekaruna arba'in da bakwai. A ɗakin karatu nake aiki, shekara ashirin ina jera littattafai, in ba kowa in zauna in cinye su. 'Ya'yana huɗu. Autar, wadda muke kira Mai-ido, kurma ce. Zazzaɓi ne ya kama ta tana 'yar shekara biyu, ya tafi da jinta ya bar mana ita, mun kuma gode. Yanzu shekarunta goma sha shida, saura wata huɗu ta zauna jarrabawar gama sakandare.

Ina da aminiya, ko in ce ina da ita har zuwa makon jiya. Benci ɗaya muka zauna tun muna 'yan aji uku. Ita ta riƙe mini jaka ranar da likita ya tafa hannu a bayan kan Mai-ido yarinyar ba ta waiwayo ba. Lokacin da nake yawon asibitoci ina neman na'urar da za ta dawo mini da 'yata yadda take a da, ita sai ta je ta koyi maganar hannu, ba tare da kowa ya sa ta ba. Daga baya ta bar aikinta ta buɗe cibiyar tallafa wa ɗalibai kurame da masu ƙarancin ji. Kada sunan ya ruɗe ki. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen barandar wata makaranta, da tebur biyu, da babban madubi, da butar shayi mai yoyo. Ƙananan yara takwas ita take koyar da su a ɗakin da kanta. Manyan, su biyar har da tawa, duk 'yan ajin ƙarshe, suna shiga aji tare da masu ji, tafinta tana gefen allo tana mayar musu da maganar malami zuwa hannu. Wanda bai taɓa gani ba ba zai san nauyin wannan aikin ba. Ke kina iya sunkuyar da kai kina rubutu kunnenki na kan aiki. Ita Mai-ido idonta ne kunnenta. In babu tafinta, aji ya zama mata kamar kallon kifi a cikin gilashi, baki na buɗewa yana rufewa, shi ke nan.

Farkon shekarar karatun nan aminiyar ta zo mini da albishir. Kwamitin da ke ba cibiyar izini da tallafi yana so a ƙara ƙaimi wajen fita neman yara, wato shiga gida-gida ana lalubo kuramen da aka ajiye a bayan ƙofa. Ta ce an ɗauki tafinta ta biyu wadda za ta tsaya a aji, ita kuma tsohuwar tafintar za ta riƙa fita kullum. Ta roƙe ni in riƙa raka ta duk Laraba, ranar hutuna, tunda uwa ta fi jin maganar uwa. Ban bari ta rufe baki ba na amince. Sabuwar ma na gan ta da idona a makon farko, doguwa mai gilashi, har muka gaisa.

Wata bakwai, 'yar'uwa. Wata bakwai ina hawa 'yar motar cibiyar da ƙarfe tara na safe, tafinta a gefena gwiwarta na gogar tawa, muna kutsawa lunguna. Na zauna a kujerun mutane, na sha ruwansu, na dubi uwaye cikin ido na ce musu a makarantar nan ba a yin darasi ko ɗaya ba tare da mai fassara ba. Wata mai ɗinki ta tsayar da kekenta ta ce mini, "Yaya, ki rantse, don an sha yi mana daɗin baki." Na rantse. A jakata kuma ga hujja, wani littafin rubutun Mai-ido da ya cika. Ba ki taɓa ganin rubutu irin nata ba, kamar inji ne ya buga, kowane kan magana an ja masa layi da jan biro da rula. In na buɗe musu sai su shafa shafin da yatsa, su ce kai, kurma ce ta yi wannan? Ni kuma ina hura hanci. Biyar daga cikin ƙananan nan takwas bakina ne ya kawo su.

Duk sanda na tambayi Sabuwa, sai aminiyar ta ce tana aji. Wata rana ma cewa ta yi tana gaishe ni. Ni kuwa sarauniyar kirki, na sayi ƙamus, na naɗe shi a takarda mai furanni, na ba da a kai mata.

Ranar Asabar da hantsi na ce bari in taya yarinya bita tunda jarrabawa ta matso. A ranar na fara karanta littafin da nake yawo da shi ina nunawa. Ni mai aiki a ɗakin karatu, ki ji fa. Darasin ilimin halittu ne, kan maganar shi ne sassan zuciya. Na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, duk daidai. Sai na biyar: "Wanda ya ɗauki tsumman goge allo ya dawo da shi kafin a tashi." An sa masa lamba, an ja masa layi. Na tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Na buɗa gaba. A tsakiyar darasin yanayin ƙasa ga sunayen masu surutu, su shida, a jere tsaf, a littafin yarinyar da ba ta san ƙarar surutu ba. Gaba kaɗan ga "Kada a goge" da manyan baƙaƙe, ya zama kan darasi. Nan na daina dariya. Na ɗauki takarda na rubuta mata cewa ta lissafo sassan zuciya. Ko kallon littafin ba ta yi ba, ta zubo mini guda biyar, har da tsumman, ko waƙafi bai ɓace ba. Na nuna mata na farkon, na yi alamar ina yake. Sai ta ɗora yatsa a kan shafin.

Ba wai ba ta iya karatu ba ne. Dainawa ta yi. Wata bakwai allo yana zubo mata kalmomin da ba wanda ya buɗe mata su, sai ta koma ɗaukar hotonsa da ido tana zanawa.

Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki na tafi makarantar ba sanarwa. Na tsaya a taga. Su biyar suna layin gaba. Malamin ya ba su ƙeya yana hira da allo. Ya faɗi wani abu, aji ya fashe da dariya, su kuma suka waiga suka ga ana yi, sannan suka yi tasu, a makare. Kujerar tafinta tana nan gefen allo, jakar malam ce ke zaune a kai. Da ya fito na tambaye shi ina Sabuwa. Ya ce wace? Da na kwatanta ta, ya ce ai waccan mako biyu kawai ta yi ta sami wani aikin. Ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, "Yaran nan ba su da matsala ko kaɗan, duk sanda na tambaya ko sun gane, gyaɗa kai suke yi." Na so in tambaye shi ko shi ma ya gane abin da ya faɗa, sai na ji tsoron kada ya gyaɗa mini kai.

Na wuce ɗakin ƙarshen baranda. Ƙamus ɗina yana saman kabad cikin takardarsa mai furanni, ko ɓare shi ba a yi ba. Aminiyar ba ta musa ba, ko ƙifta ido ba ta yi ba, wannan ya fi komai ƙona ni. Ta sallami ƙananan su je wasa, ta zuba mini shayi kamar gaisuwa na zo. Ta ce ta nemi wata tafintar har ƙafarta ta gaji, babu. Ta ce kwamiti yawan sabbin yara yake dubawa, in fita ta tsaya, cibiyar ma ta tsaya. Ta ce Mai-ido tana da yare a hannunta, tana da uwa mai ilimi, amma yarinyar da muka samo watan jiya shekarunta tara ba ta san tana da suna ba, kuma in mutum biyu na nutsewa wanda kansa ya riga ya shige ake fara cafkowa. Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa mini. Amsar da ta ba ni ita ce ta hana ni cin abinci har yau: "Na san ki. Da na faɗa miki da kin daina fita."

Kin ji. Kusan shekara arba'in ina ɗaukar kaina aminiya, ashe allon talla ce ni. Ta san ni, wai. Lallai ta san ni, ta san inda ake dannawa bakina ya buɗe, ta san ina son a yaba rubutun 'yata fiye da yadda nake son in karanta shi. Na karanta littattafai da yawa a kan cin amana, a cikinsu maci amana yakan zo da wuƙa ko da murmushi. Ba wanda ya gaya mini zai iya zuwa da hujja mai kyau da kofin shayi. Ita tsohuwar tafintar, da na tare ta, kuka ta yi ta ce hana ta faɗa aka yi. Wata bakwai gwiwa da gwiwa, ina rantsuwa tana kallon takalminta, ni kuma ina cewa a raina yarinyar nan akwai kunya.

Baban yaran, Allah ya ƙara masa lafiya, shawararsa ɗaya ce tun da na aure shi, ko gobara ce ta tashi: a bi a hankali. Ya ce in aka rufe cibiyar ina za mu kai Mai-ido, wata huɗu kafin jarrabawa? Haushin da nake ji shi ne, karon nan tambayar tasa tana da ma'ana.

Ga maganar takardar. Kwamitin zai zo duba cibiyar nan da kwana tara, kamar yadda yake yi duk shekara. Ni ce shugabar iyaye, ni zan yi jawabi, ni zan sa hannu a takardar shaida. Layi na shida yana cewa a duk tsawon shekarar kowane darasi an yi shi da tafinta. Kin san ta yadda takardar ta iso ni? A cikin jakar Mai-ido, a ambulan, an ɗiga alamar fensir a inda zan sa hannu. Yarinyar da aka zalunta ita aka ba saƙon ta kawo.

Akwai abu ɗaya da ya rage, na so in bar shi amma alƙalamin ya ƙi. Na rubuta wa Mai-ido cewa me ya sa ba ta faɗa mini ba. Sai ta karɓi biron ta rubuta irin gajeren rubutun da muke yi wa juna muna maƙalawa a jikin firij: "Na faɗa. Kicin. Sau biyu. Kin yi haka." Sai ta gyaɗa kai, ta ɗaga babban yatsa, ta yi wani murmushi, na ga fuskata a fuskarta. Na tuna ranar. Ina juya tukunya ta taɓa kafaɗata, hannuwanta na gudu, tana ta nuna wani wuri a gefenta inda ba kowa. Na ɗauka labarin ƙawaye take ba ni. Maganar hannun da na iya ba ta wuce ci, zo, bari, wanka, barci, da kyau, da 'yan wasu kamar talatin ba. Kullum ina cewa zan koya in na sami sarari, ga kuma aminiya ta iya, in magana ta yi tsawo sai mu jira ta zo. Na faɗa miki ne don kada ki ce na ɓoye, amma ba wa'azi a kan wannan na rubuto nema ba. Ba ni na yi ƙarya ba.

Ga abin da na shirya. Ranar da kwamiti ya zo, in aka kira ni jawabi, zan buɗe littafin nan in karanta musu sassan zuciya guda biyar da ƙarfi, a gaban iyaye da malamai, ina kallon idon aminiyar. Daga nan in ajiye musu takardarsu ba sa hannu, abin da zai faru ya faru. Na haddace jawabin, yana da daɗi ƙwarai. Sai dai duk sanda na kai ƙarshensa sai in ga mai ɗinkin nan tana riƙe da hannun ɗanta a bakin ƙofar da aka garƙame. Ki gaya mini, in sa hannu in haɗiye, ko in tona kowa ya huta?

Taki cikin ɓacin rai,
Mai tsaron littattafai

*

Uwar Mai-ido,

Na tsallako da wasiƙarki gaban wasu saboda kwanakinki ƙidayayyu ne. Bari in fara da abin da kike son ji, tunda gaskiya ne: an ci amanarki. Ba hasashe ba ne, ba kuma zafin zuciya ba. An kawo miki gaisuwar wadda ba ta nan, an bar ki kina rantsuwa a kan abin da aka san babu shi. Fushinki yana kan hanya.

Amma ki raba abu biyu da fushin ya haɗe miki. Zaɓin da aminiyarki ta yi yana da hujja. Yarinya 'yar shekara tara da ba ta san sunanta ba ba ƙaramin al'amari ba ce, kuma mace ɗaya mai yara goma sha uku da tafinta ɗaya dole ta bar wani wuri a buɗe. Ƙaryar ce ba ta da hujja. Hukuncin na gidaje biyar ne, ta yanke shi ita kaɗai, ta kuma rufe bakin duk wanda zai iya cewa a'a. Ta cuci cibiyar tata ma, domin ba a kai ruwa gidan da ke cewa ba gobara. Muddin takarda na cewa tafinta ta wadata, ba wanda zai tashi neman ta biyu.

Saboda haka kada ki sa hannu a layi na shida yadda yake. In kika sa, baɗi wasu biyar za su zauna gaban kujerar da jaka ke kai, wannan karon da shaidarki.

Kada kuma ki karanta shafin nan a taro. Na yarda jawabin yana da daɗi, mai rubutu irin naki ba za ta yi marar daɗi ba. Amma littafin na wa ne? Dariyar da kika yi ranar Asabar ita ɗaki guda zai yi, Mai-ido tana zaune a ciki tana ganin bakuna a buɗe. Za ta waiga ta ga ana yi, ta yi tata a makare, sai daga baya ta san a kanta aka yi. Aminiyarki kike son ki mara, amma a kumatun 'yarki hannun zai sauka.

Tsakanin haɗiyewa da tonawa akwai hanya, tana kuma buƙatar ki tashi gobe. Ki tara iyayen sauran manyan huɗu ki gaya musu abin da kika gani a taga. Ki je wurin mai ɗinki da sauran waɗanda kika kawo, ki ce musu rantsuwar da kika yi ba ta tabbata ba, da bakinki, kafin su ji a wani wuri. Zai yi ɗaci, amma shi ne zai dawo miki da darajar maganarki. Sannan ku tafi wurin aminiyar tare, da buƙata biyu. Ta farko, daga ranar tafinta ta koma aji, fita neman yara ta koma yamma da Asabar. Ta biyu, ita da hannunta ta rubuta wa kwamiti abin da ya faru kafin su zo. Ku sa mata rana, kada ta wuce kwana uku kafin zuwansu. In ta yi, kin ba ta damar da ita ba ta ba ki ba. In ta ƙi, ke ki faɗa musu, a zaune, da murya ta yau da kullum.

A takardar kuwa, ki rubuta gaskiya a gefen layin: daga wata kaza zuwa wata kaza babu tafinta a aji. Ki haɗa da sabon tsarin da kuka yi da sa hannun iyaye, da roƙon a taimaka a samo ta biyu. Ba zan yi miki alkawarin ba za a rufe cibiyar ba, don ban san kwamitin ba. Abin da na sani shi ne, wanda aka kawo wa ɓaraka da allura da zare a hannu ya fi saurin sassauci a kan wanda ya gano ta da kansa. Tambayar baban yara tana da ma'ana, ki ba shi aikin binciko inda yaran za su zauna jarrabawa in abin ya zo da akasi. Ya bi a hankalin, amma ya bi.

Game da fita, ku nemi manyan kurame masu sana'a ko aiki su riƙa zuwa. Uwar da ta ga kurma baligi ya shigo da ƙafarsa yana riƙe da kansa ba ta buƙatar rantsuwar kowa, ba ta buƙatar littafi mai jan layi.

Wata huɗu ba yawa, amma ba a fara daga babu ba. Littattafan Mai-ido cikakku ne, komai yana ciki, kullewa kawai aka yi. A ware sa'a ɗaya kullum, tafinta da malamin darasi su bi su shafi-shafi da yaran biyar. A roƙi malamai su juyo su fuskanci aji in suna magana, su daina tambayar ko an gane, su ce yaro ya maimaita da nasa bayanin. Ku tambayi makaranta abin da masu shirya jarrabawa suka tanadar wa ɗalibai kurame, ku nema a rubuce tun yanzu. In lokacin ya yi aka ga ba ta shirya ba, jinkirin shekara ba mutuwa ba ne, amma ita za a tambaya, ba a yanke mata ba. An yanke mata ya isa.

Amincin kuwa, kada ki yanke masa hukunci a makon nan. Matar da ta yi miki ƙarya ita ce dai ta koyi yaren 'yarki ba wanda ya sa ta. Dukansu ita ce. Abin da za ta yi a kwanakin nan tara shi zai nuna miki wadda za ki ci gaba da zama da ita.

Kin ce ba kya son wa'azi a kan kicin, ba zan yi ba. Ba ke kika yi ƙarya ba, haka ne. Zan dai ce na lura a ƙarshen wasiƙa kika ajiye shi, inda mutane ke ajiye kayan da ya fi nauyi. Ƙaryar nan ta rayu wata bakwai ne saboda shaidar da ke kwana a gidanki ta yi magana sau biyu ba a ji ba. Kwamiti ba zai gyara wannan ba, aminiya ma ba za ta gyara ba, kuma yanzu kin ga illar jiran ta zo ta fassara. Malamar da kike buƙata tana ɗakin da ke kusa da naki. Ki roƙe ta ta koya miki, minti ashirin kullum, ki yarda ki zama ɗalibar da ake yi wa dariya. Abin da za ki fara cewa ta nuna miki shi ne yadda ake cewa "ban gane ba, sake faɗa." Ki yi ta amfani da shi ba kunya, domin in ta ga uwarta mai littattafai tana faɗin haka, ita ma za ta iya faɗa wa malami.

Ranar da kika iya shi, ki kashe wuta, ki ajiye ludayi, ki juyo gaba ɗaya, ki ce ta sake gaya miki abin da ta faɗa ranar nan. Kin riga kin san labarin, amma ita ba ta taɓa ganin kin ji shi ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba Mai-ido da 'yan'uwanta huɗu nasara, ya bar ƙofar ɗakin nan a buɗe.

Taki,
Mai filin